Kwana Biyar a Gidan Sarkawa a Argungu

Ƙanwata da ke aure a Argungu ta haihu ranar Alhamis ta farko a watan Maris na 2020, kuma da yake haihuwarta ta uku ce, ba ta zo gida wankan jego ba. Sai dangi suka yanke shawarar cewa ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, mu ne za mu je suna a madadin kowa. Da na ƙirga kwanaki sai na ga sunan zai faɗo a tsakiyar makon bikin kamun kifi, wanda aka daina yi tun bayan na 2009 saboda matsalar tsaro da janyewar ruwa, aka kuma shirya dawo da shi a wannan shekarar. Murnata ta kasa ɓoyuwa, har Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, barka za ka ko kallo?" Na ce mata duka biyun, tunda ba a taɓa hana mai zuwa barka kallon abin da ya tarar a gari ba.

Mun bar Zariya ranar Laraba bayan sallar asuba, ɗauke da turamen atamfa, da kayan jarirai, da sabulu, da daƙaƙƙen yajin jego wanda Gwaggo ta ƙi yarda a sa a but, ta rungume shi a cinya tun daga tasha. Muka bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau da Talata Mafara. A wasu wurare na wannan hanya hira takan mutu a mota ba tare da wani ya ce a yi shiru ba, kowa ya koma jan carbi, sai an hango gari sannan baki ya buɗe. A Sakkwato muka sake mota, inda direba ya ninka mana kuɗi ya ce ai makon biki ne, Gwaggo ta yi ta ciniki har ta gaji ta biya. Rana ta yi sanyi sa'ad da muka fara gangarawa fadamar Argungu, kuma abin da ya fara kama idona shi ne shinkafar rani, kore shar har iyakar gani, a lokacin da ƙasar tudu da muka baro ta bushe ƙurmus. Ta ko'ina ƙarar injinan ban-ruwa ake ji.

Surukan ƙanwata Sarkawa ne, wato masuntan Kabi waɗanda suka gaji kamun kifi kaka da kakanni, kuma gidansu babban gida ne mai sassa da yawa da zaure ɗaya. Maigidan, wanda kowa ke kira Baba, dattijo ne siriri mai zanen Kabawa cike da kumatu, ya tarbe mu a ƙofar zaure yana cewa, "Lale marhabin, kun zaka lahiya? Ina wahalar tahiya?" Na durƙusa na gaishe shi, aka shigar da Gwaggo cikin gida, ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure tare da baƙi maza da suka kai goma sha. Daga hirarsu na gane cewa akasarinsu 'ya'yan gidan ne da dangi waɗanda neman kifi ya kai su Yawuri da Kainji, har da wanda ya zo daga bakin Tafkin Chadi bayan shekara shida bai taka garin ba. Haka abin yake a duk unguwar. Da yake watan Rajab ne, azumi ya ƙarato, mutane da yawa sun tsayar da ranar ɗaurin auren 'ya'yansu a wannan makon don su ci moriyar taruwar dangi, saboda haka kusan kowane lungu ka leƙa sai ka ga rumfa da kujeru da manyan tukwane a kan murhu.

Bayan sallar isha Baba ya sa aka sauko da gorunan gidan daga rataye a rufin wani ɗaki, aka jera su a tsakar zaure a ƙarƙashin fitila. Ban taɓa ganin gora mai girman waɗannan kusa da kusa ba, domin akwai wanda sai da na zagaya shi da hannu biyu ban haɗa yatsuna ba. Kowanne an yanke masa baki daidai yadda hannu da kifi za su shiga, kuma jikinsu ya yi santsi ya yi ja saboda daɗewa. Baba yakan ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, sannan ya juya shi a hankali yana bin jikinsa da tafin hannu kamar mai duba dabbar da zai saya. Biyu ya ware gefe ya ce ƙwari sun ci su, ba su da sauran amfani. Na uku yana da tsohuwar tsaga wadda gyartai ya ɗinke aka liƙe, sai ya miƙo mini shi ya ce, "Wanga gora ya girme ka, ɗana. Da shi ubana ya shiga Matan Fada, da shi ni shiga." Matan Fada shi ne sashen gulbin da ake babban kamun kifi a cikinsa. Samari kuma suna gefe suna gyaran homa, wato ragar da ake ɗaurawa a jikin lanƙwasassun sanduna, wadda masunci ke riƙe ɗaya a kowane hannu ya haɗa bakinsu a ƙarƙashin ruwa ya rufe kifi a tsakani. Wasu ragar ta ruɓe don shekara goma tana ajiye, sai da aka sake saƙa ta. Na lura cewa manyan ne kawai suka iya ƙullin, yara matasa kuwa sai kallo da miƙa zare, kuma duk lokacin da wani ya yi kuskure Baba yakan karɓa ya warware ya sake nuna masa ba tare da faɗa ba.

A nan ne ya gaya mini abin da ke damunsa. Ya ce jikokinsa sun fi sanin injin ban-ruwa da buhun taki fiye da gora, domin shinkafa ce ke kawo kuɗi yanzu, musamman tun da aka kafa babban kamfanin casar shinkafa a garin, kuma shi bai ga laifinsu ba tunda da ita ake ci ake aure. Amma yaron da yake ɗan shekara huɗu ko biyar lokacin da aka yi bikin ƙarshe, yau ya zama saurayi bai taɓa ganin Matan Fada cike da mutane ba sai a hoto. Ya nuna wani jikansa mai kimanin shekara goma sha biyar wanda ke riƙe da fitila, ya ce bana zai shiga ruwa tare da baffansa, ko da bai kama komai ba.

Da asubahin Alhamis aka yi suna. Tun kafin gari ya waye sosai an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka cika layin har kwana, aka raba goro da dabino da alawa. Liman ya karɓi sunan daga bakin uban yaro a asirce, aka yanka rago, aka yi addu'a aka shafa fatiha, sannan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar wa jama'a cewa yaro ya ci sunan kakansa na wajen uba. Nan take guɗa ta tashi daga cikin gida. Wannan suna ya jawo wa matan gidan aiki, domin babu matar ɗa da za ta iya kama sunan surukinta da baki, don haka kafin hantsi yaro ya zama Baba Ƙarami a wurin kowa. Kakarsa kuwa ta karɓe shi tana juya shi tana cewa wannan sabon mijin nata bai zo da ko sisi ba, ita ba ta son miji matalauci. Wanzami ya zo ya yi masa aski a cinyar ungozoma, ni kuma a matsayina na kawu aka tasa ni gaba sai da na sallami wanzamin da maroƙa. Har gobe akan kira wannan taro zanen suna, amma aska ba ta taɓa fuskar yaron ba. Na dubi kumatun Baba, na dubi na 'ya'yansa waɗanda babu ko tsaga ɗaya a jikinsu, sai na ga cewa a wannan gidan zanen Kabawa zai tafi ne tare da masu shi.

Da rana gidan ya koma hannun mata. Daga zaure muna jin kiɗan ƙwarya da shewa, ana fito mana da akussan tuwon shinkafa da miyar kifi, da masa, da fura mai sanyi. Na samu na shiga na ga ƙanwata na ɗan lokaci, ta sha lalle hannu da ƙafa, ta yi kyau da hutu, ta ce, "Yaya, ka ci kifin kuwa? Nan fa ba irin bandar da ake kai muku Zariya ba ce." Gaskiyarta ne. A kwana biyar ɗin nan na ci tarwaɗa da ragon ruwa da ƙarfasa da kurungu, har na fara bambance su a baki, abin da ya ba yaran gidan dariya domin su tun suna rarrafe suka san wannan.

Da daddare wata muhawara ta tashi a zaure wadda na ji daɗin saurare fiye da duk wani jawabi da aka yi a filin biki. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Baba malamin Islamiyya ne, sai wani baƙo ya tambayi yadda ake yi da kadoji ranar kamu. Baba ya ce wannan aikin Sarkin Ruwa ne, shi ke fara zuwa ya yi gyaran ruwa, kuma sai ya ba da izini ake shiga, haka aka gada, kuma shi dai a tsawon rayuwarsa bai ga kada ya taɓa kowa a ranar ba. Malam ya gyara zama ya ce, cikin ladabi, duk abin da ya shafi yanka don wanin Allah ko neman tsari wurin iskoki ba shi da wuri a Musulunci, kuma ihu da motsin dubban mutane ma sun isa su kori kowace dabba. Baba bai musa masa ba, ya ce kawai, "Malam, mu ma da bisimilla muka shiga." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Abin da na fahimta shi ne, an daɗe ana wannan magana a gidan kuma babu wanda ke sa ran kayar da wani. Washegari Malam ne ya ja mu zuwa masallacin Juma'a, inda sahu ya fito har kan titi, Kabawa da Zabarmawa da Fulani da baƙi daga Nijar kafaɗa da kafaɗa, kuma ranar Asabar shi ne ya tara samarin gidan ya yi musu addu'a kafin su ɗauki gorunansu.

Kafin sallar Juma'ar na je gidan tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne mai kauri da sanyi a ciki, an tara masu da takubba da kwari da baka da layu da tambura da kayan su iri-iri, kuma a cikinsa ne kaburburan sarakuna suke, don haka mutum yakan rage murya da kansa. Wanda bai san abin da ya gudana tsakanin Kabi da Sakkwato ba zai ɗauka bikin kamun kifi wasa ne kawai. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa daularsa, ya gina birnin Surame wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato a yau. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa suka tattaru a Argungu, har wasu na cewa sunan garin ma daga "a yi gungu" ya samo asali. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, kuma daga nan aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa a zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915. Saboda haka da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu da zumunci a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma Kabawa suka rasa abin da za su karrama shi da shi wanda ya fi nuna masa gwanintarsu a ruwa. Daga wannan tarba bikin ya samo tushe, ya yi ta bunƙasa har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Na tsaya gaban wata tsohuwar homa da ke rataye a bango, na ga ba ta da wani bambanci da waɗanda aka kwana ana gyarawa a zaurenmu.

A bakin ruwan Mala ake yin wasannin ruwa da ake kira Kabanci, kuma ni a ganina sun fi babban kamun daɗin kallo, domin a nan ido yana iya bin mutum ɗaya ya ga iyawarsa. An yi tseren kwale-kwale, matuƙa suna dukan ruwa tare kamar hannu ɗaya, makaɗa na binsu a wani jirgin suna zuga su da kirari. An yi gasar nutso, inda mutum kan ɓace a ruwa har 'yan kallo su fara salati kafin kansa ya ɓullo. An saki agwagwa aka bi ta da iyo, ita kuwa da an kusa cim mata sai ta nutse ta fito ta wani wuri, jama'a na ta ihu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne lalube, wato kamun kifi da hannu tsura, babu raga babu ƙugiya. Da dare kuma filin kokawa da dambe ya cika, amma ƙura da turereniya suka sa ban daɗe ba na dawo gida.

Kallon nan ne ya yaudare ni. Na ga yara ƙanana suna kwanciya a kan gora suna tafiya a ruwa kamar suna kan katifa, sai na ce da samarin gidan ai wannan ba wani abin wahala ba ne. Suka dubi juna, suka kai ni wani wuri mara zurfi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, suka ba ni gora. Na kifa bakinsa ƙasa yadda suka nuna mini, na ɗora cikina a kai, na ɗaga ƙafa. Kafin in ƙifta ido goran ya sulluɓe ta gefe ya yi sama, ni kuma na yi ƙasa, na sha ruwan da ban yi niyya ba, na taso da laka har cikin kunne. Sau uku ina gwadawa sau uku yana kayar da ni, hulata kuma ruwa ya tafi da ita sai wani yaro ɗan shekara bakwai ya kamo mini. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, Baba ya tarbe ni yana murmushi ya ce, "Ɗan tudu, mi ya kai ka?" Daga ranar sunana ya koma Ɗan Tudu a gidan, har ƙanwata ma ta kama. Amma faɗuwar ta yi mini amfani, domin washegari da na ga mutum kwance a kan gora, hannuwansa biyu riƙe da homa, yana tuƙi da ƙafa kaɗai a tsakiyar dubban mutane, na san abin da nake kallo.

Ranar Asabar tun da sassafe garin ya kwarara zuwa Matan Fada. Wannan sashe na gulbi a rufe yake duk shekara, ba a yarda kowa ya yi su a cikinsa ba sai ranar biki, shi ya sa kifi ke samun sukunin girma. Masunta suka yi sahu a hayin ruwa, nesa da gaɓa, kowa da goransa da homarsa, yawansu ya wuce ƙirge, sun yi baƙi ƙirin kamar gari ya tashi tsaye. Mu kuwa muna wannan gefen muna cin rana, domin inuwa da wuri mai kyau na manyan baƙi ne, kuma na ga tsofaffin masunta da yawa, waɗanda suka ba da ƙuruciyarsu ga wannan ruwa, suna leƙe ta bayan kafaɗun mutane. Wannan bai yi mini daɗi ba. Baba da kansa sai da muka samo masa wani tudu muka ɗora shi a kan benci kafin ya iya hango ruwan. An daɗe ana jira, rana tana ƙara zafi, sahun masunta yana ta motsi gaba ana mayar da shi.

Da aka ba da alama sai ƙasa ta ɗauki rugugi. Ƙura ta turnuƙe, goruna suna karo da juna suna ƙara kamar ana kiɗa, mutane suka kwararo a guje suka faɗa ruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan ba ka ganin ruwan sam sai kawuna da goruna da sandunan homa suna sama suna ƙasa. Jiragen makaɗa suna ratsawa ta tsakiya, kalangu na tashi, masu kirari na kiran sunayen gidaje da na iyaye. Ruwan da yake kore da safe ya koma jar laka. Can sai ka ji ihu ya tashi daga wani ɓangare, ka ga mutum uku ko huɗu suna kokawa da wani abu a ƙarƙashin ruwa, sai a ɗago giwan ruwa yana sheƙi, a zura masa igiya ta baki a ja shi zuwa wurin awo. Baba bai damu da waɗannan ba. Idonsa na kan wuri ɗaya, yana ta nuna mini da sanda yana cewa ga su can, ni kuwa ban ga komai ba sai kawuna masu kama da juna. Kimanin awa ɗaya aka yi, aka fara fitowa. Kifin da ya ci gasar a wannan shekarar ya kai kilo 78, wani masunci daga ƙaramar hukumar Augie ne ya kama shi, aka ba shi motoci da kuɗi da kujerun Makka. Daga inda muke tsaye ban ga kifin ba, a waya na gan shi daga baya kamar kowa.

Mutanen gidanmu ba su kusanci sikeli ba. Sun dawo da la'asar jiƙe sharkaf, idanu jajaye, ɗaya ya yanke a ƙafa, gora ɗaya ya fashe a turereniyar shiga. Aka zazzage abin da aka samu a tsakar gida: tarwaɗa masu yawa, da ƙarfasa, da giwan ruwa guda wanda bai fi tsawon hannu ba. Jikan nan mai shekara goma sha biyar ya tsaya a baya yana rawar sanyi, sai baffansa ya ce ya kawo nasa. Ya zura hannu cikin tsohon goran mai ɗinki ya fito da tarwaɗa biyu matsakaita, ya ajiye a gaban kakansa yana sunkuyar da kai don yana ganin sun yi kaɗan. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya tambaye shi a ina ya same ta, da wane hannu ya rufe homa, ko ya ji ta taɓa ƙafarsa kafin ya kama. Yaron ya fara ba da amsa a hankali, can sai baki ya buɗe, ya shiga kwatantawa da hannu da ƙafa, manya suna gyara masa, har aka kira magariba suna kan wannan magana. Ban ji Baba ya yaba masa ko da kalma ɗaya ba, sai dai ya ce a dafa waɗannan biyun daban a kawo masa.

Sauran kifin kuwa rabo aka yi. Aka aika wa liman, da ungozoma, da maƙwabta waɗanda ba su da mai shiga ruwa, da gidajen da ake biki a unguwar. Giwan ruwan aka yi wa maijego farfesu da yajin da Gwaggo ta rungumo daga Zariya. Abin da ya rage mata suka kwana suna bandarsa, hayaƙi ya cika gidan har tufafina suka riƙe ƙamshinsa.

Ranar Lahadi da safe na yi sallama. Baba ya sa aka cika mini kwali da banda, ya riƙe hannuna har bakin titi, ya ce in dawo baɗi ya koya mini hawan gora da kansa, tunda yaran nan mugunta suka yi mini, ba su gaya mini inda ake ɗora cibiya ba. Gwaggo ta ce ita za ta zauna ta taya da wankan jego har a yi arba'in, in ya so in aiko a ɗauke ta. A mota ana ta zancen wata cuta da aka ce ta ɓulla a Legas, amma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ban cika mako biyu da komawa ba aka kulle Jihar Kaduna saboda korona, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sai ga Gwaggo ta yi arba'in, ta yi azumi, ta yi ƙaramar salla duk a Argungu. Sai a watan Yuli aka buɗe hanya ta dawo, ta yi ƙiba, ta zo da wani kwalin banda da ƙaramin gora wanda Baba ya ce a ba Ɗan Tudu ya riƙa gwaji a randa. Da na je gaishe ta na tambaye ta ko ta sha wahalar hanya, sai ta ce, "Awo, amma mun iso lahiya," ba ta ma san bakinta ya juya ba sai da jikokinta suka fashe da dariya.